Filin Tambaya Da Amsa: Daren Ƙarshe A Gidan Tarihi

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na ambaci Night at the Museum a fitowar da ta wuce cikin finafinan da iyali za su iya zama su kalla tare, saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk a kan kashi na uku ne wato autansu. Ga wanda bai san shi ba, labarin wani mai gadin dare ne Larry Daley (Ben Stiller ne ya fito a shi) da ya samu aiki a gidan tarihi a birnin New York, ashe da zarar rana ta faɗi duk gumakan da ke ciki tashi suke su yi ta yawo da surutu har asuba, saboda wani allon zinare na wani Fir'auna da aka ajiye a wajen. Na farko ya fito 2006, na biyu 2009, na ƙarshen mai suna Secret of the Tomb ya fito Disambar 2014, kuma duka ukun darakta ɗaya ne ya yi su, Shawn Levy. Na tsinto saƙonni biyar.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni magidanci ne mai yara uku, mun kalli na ɗaya da na biyu yaran nan sun yi dariya har da faɗuwa daga kujera. To wani abokina ya ce min kar in ɓata lokacina da na ukun, wai maimaici ne kawai an ƙona kuɗi. Shin gaskiya ne? In nemo ko in bari?

AMSA: Yallaɓai nemo shi. Amma ba zan rufe ka ba, abokinka yana da gaskiya ta wani ɓangaren. In dariya zalla ake magana na farko ya fi shi nesa ba kusa ba, don a na farko komai sabo ne, kai da Larry tare kuke firgita lokacin da ƙwarangwal ɗin dabbar nan dainoso ya sauko daga kan dandamalinsa yana bin sa a guje, daga baya a gane ashe wasan jefa ƙashi yake so kamar ɗan kwikwiyo. Irin wannan mamakin sau ɗaya ake yin sa. Kafin a zo na uku kowa ya san gumaka za su tashi, kowa ya san birin nan Dexter zai sharara wa Larry mari, kowa ya san Jedediah ɗan kaboyi da Octavius sojan Rum, ƴan mitsi-mitsin nan da ba su wuce tsawon yatsa ba, za su faɗa wani rami su yi ta ihu. Ko a kasuwa ma an ga alamar, na farko ya tara sama da dala miliyan 570 a duniya, na biyu ɗari huɗu da ɗoriya, na uku wajen miliyan 360. Kullum ƙasa ake yi.

To amma ni abin da ya sa nake kare shi, na ukun ya san cewa shi ne na ƙarshe, kuma bai ji kunyar hakan ba. Finafinai da yawa masu kashi-kashi ba a gama su, mutuwa kawai suke yi a tsaye, a yi na huɗu a yi na biyar jarumai suna zamewa ɗaya bayan ɗaya har ka rasa ina aka tsaya. Wannan kuwa tun daga tushen labarin sallama aka shirya. Allon zinaren nan ne ya fara yin wani irin tsatsa kore, yana cinye shi a hankali, kuma duk sanda tsatsan ya ƙaru sai gumakan su rikice, wannan hannunsa ya sandare ya koma kaki, wancan ya manta ko shi waye, har suka tarwatsa wani babban taron liyafa da aka shirya wa manyan baƙi, aka kori shugaban gidan tarihin Dr. McPhee daga aiki a kan haka. Wanda ya san sirrin allon shi ne uban Fir'auna Ahkmenrah mai allon, shi kuma gawarsa tana British Museum a Landan, shi ya sa tafiya ta kama su. Ka ga kenan tun minti na goma ko ashirin an gaya maka mutanen nan naka lokacinsu ƙidayayye ne.

A Landan ɗin akwai wuraren da suka yi kyau sosai. Akwai inda suka faɗa cikin wani zanen matattakala na mai zane Escher, wanda sama da ƙasa duk sun cakuɗe, mutum yana hawa sai ka ga ashe sauka yake, ana ta kokawar ƙwace allon a ciki, wannan wajen na maimaita shi ya kai sau uku. Akwai zakunan tagulla na dandalin Trafalgar da suka tashi, aka shagaltar da su da hasken tocilan suna bin sa kamar kyanwa. Sai sabon shiga Lancelot, jarumin doki mai sulke da Dan Stevens ya fito a shi, wanda shi bai ma yarda gunki ne ba, ya sace allon ya sukwano cikin gari yana neman sarkinsa, ya faɗa gidan wasan kwaikwayo ana tsaka da wasa ya tarar da Hugh Jackman a kan dandamali yana taka rawar Sarki Arthur, wato sarkin nasa. Wallahi nan na yi dariya har da hawaye. Akwai kuma wuraren da suka yi sanyi, ni dai gunkin mutumin kogo na zamanin da ɗin nan Laaa mai kama da Larry (shi ma Ben Stiller ɗin ne) an ja wasansa ya yi tsawo, an ba shi lokacin da ya kamata a ba wasu.

Amma tunda kai uba ne ga abin da nake so ka sa wa ido. Larry yana da ɗa Nick, a na farko ɗan yaro ne da ubansa yake ta fafutukar kar ya raina shi don ya kasa riƙe aiki ko ɗaya, dalilin karɓar gadin ma kenan. A na uku Nick ya zama saurayi, ya ce shi ba zai wuce jami'a yanzu ba, so yake ya huta shekara guda ya tafi tsibirin Ibiza ya yi sana'ar dije. Larry ya ƙi, yana ta tsara masa rayuwa. Sai ga shi a Landan ya tsaya gaban wani uban, Merenkahre mahaifin Ahkmenrah wanda Ben Kingsley ya fito a shi, mutumin da saboda tsabar son ɗansa ya sa aka ƙera allon don kar mutuwa ma ta raba su. Ga kuma Laaa yana bin Larry ɗuwai-ɗuwai ya ɗauka shi ne babansa. Duk inda ka juya a fim ɗin uba ne da ɗa, da wanda ya riƙe da wanda yake so a sake shi. Yaranka za su yi dariyar biri, kai kuma akwai abin da zai tsaya maka a wuya. Minti 98 ne kacal, ba zai cinye muku dare ba.

TAMBAYA: Anti don Allah ki taimaka min, ni fa na kalli fim ɗin nan tun ina ƙarama ban ji komai ba, jiya na sake kallo sai ga ni ina kuka wiwi wajen da Teddy yake sallama da Larry, ƙannena suna ta min dariya. An ce wai bayan jarumin ya rasu ne aka canza ƙarshen don a yi masa bankwana, haka ne?

AMSA: Ƙanwata share hawayenki, ba ke kaɗai ba ce. Robin Williams shi ne ya fito a Teddy, wato gunkin kaki na Theodore Roosevelt shugaban Amurka na 26 wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1909. Ya rasu ranar 11 ga Agustan 2014 yana da shekara 63, fim ɗin kuma ya fito bayan wata huɗu. Amma ya riga ya gama ɗaukar duk fitowarsa kafin ya rasu, a farkon shekarar aka yi aikin. Wato sallamar nan da kika gani da ransa ya yi ta, da bakinsa ya faɗi kalaman, a matsayin Teddy yana sallama da mai gadi, ba wanda ya zauna ya rubuta ta don mutuwarsa. Abin da aka ƙara shi ne rubutun sadaukarwa a ƙarshe, gare shi da kuma dattijo Mickey Rooney, ɗaya daga cikin tsofaffin masu gadin nan uku na fim na farko, wanda shi ma ya rasu a Afrilun shekarar yana da 93. A na ukun za ki gan shi ɗan taƙaitacce a gidan tsofaffi yana kan keken guragu, har lokacin da masifarsa yana harar Larry.

Kuma ni wannan ne ma ya fi taɓa ni, da ace shirya ta aka yi bayan rasuwar da sai in ce an yi ne don a matso mana hawaye. Ki tuna yadda wajen yake. Gumakan sun yi shawara a junansu, ba Larry ne ya yanke ba, suka ce a bar Ahkmenrah a Landan wajen iyayensa tare da allon, alhali sun san in babu allon su shi kenan ba za su ƙara motsi ba. Suka dawo New York da ɗan sauran daren da ya rage. Larry yana bi ɗaki-ɗaki da tocilan ɗinsa kamar yadda ya saba zagayen gadi, sai dai yau kowa ya tarar sai sun yi bankwana. Attila, gunkin sarkin yaƙin nan mai ihu da zare ido, ya rungume shi. Dexter da suka shekara takwas suna marin juna, yau ba mari. Sai Teddy, ya hau dokinsa ya gyara zama ya zare takobi, Larry ya ce masa shi fa bai san me zai yi gobe ba, shi kuma maimakon ya lallashe shi sai ya nuna masa ai wannan abin murna ne. Ya sandare kamar ya tafi, Larry ya matso yana kallonsa, sai ya zabura ya firgita shi ya fashe da dariya, irin tsokanar da ya yi masa a fim na farko. Daga nan ya ce masa ya yi murmushi gari ya waye. Haske ya shigo ta taga, fuskar ta tsaya cak.

Bayan rasuwarsa likitoci sun gano yana ɗauke da wata cutar ƙwaƙwalwa mai suna Lewy body, mai taɓa tunani da motsin jiki da barci, shi kansa bai san sunan abin da ke cin sa ba. To in kin san haka sannan kika kalli inda Teddy yake duba hannunsa da ya ƙi motsi ya koma kaki, dole jikinki ya yi sanyi. Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka, kin taso kina ganin mutumin nan yana ba ki dariya, lokacin da kika fara kallo ba ki san rabuwa ba yanzu kin sani. Ƙannenki ma ki ba su shekara goma.

TAMBAYA: Malama ni ɗalibi ne, muna gardama da abokaina. Shin da gaske an yi Fir'auna Ahkmenrah, kuma allon nan yana nan a gidan tarihin?

AMSA: Ɗalibi in kai ne ka ce babu to ka ci gardama. Ahkmenrah da ubansa da allon duk ƙirƙira ce ta masu fim, asalin labarin ma daga wani ɗan littafin yara ne mai hotuna na Milan Trenc da ya fito 1993. Amma gidajen tarihin na gaske ne. Na New York, American Museum of Natural History, an kafa shi 1869 kuma mahaifin Roosevelt yana cikin waɗanda suka kafa shi, shi ya sa sunan gidansu yake ko'ina a wajen. Akwai ma mutum-mutuminsa na tagulla a kan doki da ya daɗe a ƙofar shiga, an cire shi a Janairun 2022 bayan doguwar muhawara, saboda an yi shi yana sama a kan doki ga baƙar fata da ɗan asalin Amurka suna tafe a ƙasa a gefensa. British Museum kuma tun 1753 aka kafa shi. Attila an yi shi, ya mutu shekara ta 453. Sacagawea da ke cikin gumakan ma an yi ta, ita ce matar da ta raka tawagar masu binciken ƙasar Amurka Lewis da Clark a tafiyarsu ta 1804 zuwa 1806. Garin Pompeii da Jedediah da Octavius suka faɗa cikin ƙaramin samfurinsa shi ma gaskiya ne, dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne shi a shekara ta 79. Shi kuma saurayin da ya fito a Ahkmenrah, Rami Malek, iyayensa ƴan Masar ne, kuma a 2019 ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi, lokacin da yake yawo da rawanin Fir'auna a bayan Ben Stiller wa ya kawo haka a ransa.

TAMBAYA: Anti ina da yarinya ƴar shekara shida mai tsoro sosai, ko ƙarar tsawa sai ta shige jikina. Zan iya kunna mata?

AMSA: Maman yarinya za ki iya, amma ki zauna kusa da ita kar ki kunna ki shiga kicin. Babu jini babu zagi na ashar, a Amurka ma an sa shi a rukunin da ake so iyaye su kasance a kusa. Wuraren da nake jin za su tsorata ta uku ne, farkon fim inda yaro ya rufta cikin kabari a hamadar Masar a 1938 guguwa tana tasowa, sai faɗa da wani macijin ƙarfe mai kai tara, sai kuma can kan rufin gini inda gumakan suke ta ƙamewa ɗaya bayan ɗaya, Dexter ya kwanta kamar ya mutu. Wannan na ƙarshen ya fi macijin tayar wa yara hankali, ni autana yana shekara bakwai lokacin, ya saki abin da ke hannunsa ya matso ya riƙe min zani bai ce uffan ba sai da birin ya buɗe ido. Akwai ƴar sumba ɗaya ko biyu, da wasan fitsarin biri da yara ke mutuwar so. Sannan a labarin an ce allon yana samun ƙarfinsa ne daga hasken wata ta hanyar wani abin bautar mutanen Masar na da mai suna Khonsu, to wannan ki yi mata bayani da bakinki cewa tatsuniya ce, abin da mutanen wancan zamanin suka yi imani da shi ne aka ɗauko aka gina wasa a kai. Kuma in ba ta ga na farko ba ki fara mata da shi, in ba ta saba da su ba sallamar ba za ta zame mata komai ba.

TAMBAYA: Malama ni fa ban yarda da ke ba. Kin ce sun iya sallama, to me ya sa bayan an gama koke-koken sai aka ce wai bayan shekara uku, aka dawo da allon kowa ya tashi ana ta rawa? Ai sun warware abin da suka ɗaura. Kuma ai an yi na huɗu a 2022, ina ƙarshen yake?

AMSA: Ɗan uwa na ji daɗin saƙonka, don ni ma ranar da na fara gani sai da na yi tsaki. Na ce yanzu fisabilillahi an sa mu kuka a banza kenan. Gaskiya ne an dawo da allon, British Museum sun kawo baje kolin kayansu New York na ɗan lokaci, Tilly mai gadin Landan ɗin nan da Rebel Wilson ta fito a ita ta miƙa wa McPhee allon, shi da bai taɓa yarda da maganar ba sai ga shi yana gani da idonsa, aka kunna kiɗa gida ya kaure. Na san dalilin, fim ne na yara da aka sake a lokacin hutun ƙarshen shekara, ba mai son yara su fito daga sinima suna shessheƙa. Da ni ce da na rage tsawon rawar, wannan na ba ka.

Amma ka koma ka duba waye babu a cikin rawar. Larry. Shi ya ɗauki laifin rikicin liyafar a kansa don a mayar da McPhee aiki, ya bar gadi, ya koma karatu ya zama malamin makaranta. Daren da ake shagalin yana tsallaken titi a tsaye cikin sanyi, yana hango fitilu suna walƙiya ta tagogin gidan, kiɗa yana ɗan fitowa, ya yi murmushi, kuma bai tsallaka ba. Mutumin da a fim na biyu ya bar wajen ya je ya yi kuɗi da kamfaninsa amma ya kasa haƙura sai da ya sayar ya dawo gadi, yau ga ƙofa a gabansa bai shiga ba. To ni a nan nake ganin ba su warware komai ba, gumakan sun samu darensu, shi kuma ya riga ya yi sallama kuma ya tsaya a kanta, kamar yadda ya sakar wa Nick mara ya bar shi ya nemi hanyarsa.

Na 2022 kuwa, Kahmunrah Rises Again, katun ne da aka saka a Disney+ bayan kamfanin Disney ya sayi Fox, kamfanin da ya yi ukun farko, a 2019, Nick ne yake gadin a ciki kuma wasu ne daban suka yi muryoyin, babu Ben Stiller, Teddy ma wata murya ce. Yara za su iya kallo ba laifi, autana ya kalla ya ce da daɗi. Ni na zauna na yi minti kamar ashirin, da Teddy ya buɗe baki na ji ba muryar da na sani ba ce sai na tashi na bar masa falon.

Sauran saƙonnin da ban samu amsawa ba, musamman mai tambaya kan kiɗan Alan Silvestri da ke buɗe duka ukun, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.